A Sayar Mana Da Taki Tun Da Kaka

'Yan'uwana manoma, da ku fatake da malaman ofis masu karanta wannan fili kowane mako, yau maganar takin zamani za mu yi, amma ba ta yadda ake zuba shi ba. Maganar lokacin sayensa ce. Kowa ya sani, da kaka manomi sarki ne, rumbu cike, aljihu da nauyi. Da an shiga damina, masara ta kai gwiwa tana neman taki, sai ka tarar da mutumin nan ko na goro ba shi da shi. Mutanen birni sukan ce jahilci ne ya hana mu sa taki. Ni ban yarda ba, kuma ga hujjata daga wata ƙasa mai nisa.

Akwai wani shehun malami na Amurka mai nazarin tattalin arziki, sunansa Michael Kremer. Yana saurayi ya koyar a wata makarantar sakandare a yammacin Kenya, daga 1985 zuwa 1986. Da ya zama malamin jami'a sai ya riƙa komawa ƙasar yana binciken abin da ke hana talaka ci gaba. A 2019 aka ba shi kyautar Nobel tare da Esther Duflo, 'yar Faransa, da Abhijit Banerjee, haifaffen Indiya. Dabararsu irin ta malamin gona ce mai gonar gwaji. Sukan raba mutane kashi kashi da ƙuri'a, a yi wa waɗansu abu, a bar waɗansu, sa'an nan a dawo a auna bambanci. Gani ya kori ji.

Tun daga shekara ta 2000, shi da Duflo da wani malami Jonathan Robinson suka yi ta gwaji da manoman masara a Busia, kusa da iyakar Yuganda. Da farko suka auna ko takin yana biyan kansa. Suka sami cewa rabin ƙaramin cokalin shayi a gindin kowace masara, in ta kai gwiwa, yana kawo ribar wajen sule 36 a kan kowane sule 100 cikin damina guda. Amma fa da suka bi cikakken umarnin hukumar gona, watau irin zamani da taki wajen shuka da wani daga baya, yawanci kuɗin da aka kashe bai fita ba. Ashe manomin da ya ƙi bin takardar hukuma ba wawa ba ne.

To, tun da rabin cokali yana biya, me ya hana su sawa? Da aka tambayi waɗanda suka ga gwajin a gonakinsu, kusan dukkansu suka ce baɗi za su sa. Lokaci ya yi, waɗanda suka cika magana ba su kai rabi ba. Amsarsu ɗaya ce, babu kuɗi. Da kaka akwai kuɗin, amma kanti da nisa, kuma ba a gaggawa, sai mutum ya ce gobe. Gobe ta zama jibi, yau suna, gobe jinya, jibi ɗan'uwa ya zo rance, har kuɗin ya narke.

Sai malaman suka sa wata ƙungiyar taimako ta bi manoma gida gida da an gama girbi. Aka sayar musu da takardar shaidar taki a kan farashin kasuwa, ba a rage ko anini ba, alheri ɗaya kawai, za a kawo takin har ƙofar gida kyauta. Yawan masu sa taki ya ƙaru da wajen rabi, wani lokaci ma fiye. Waɗansu manoman kuma aka jira sai lokacin zuba taki aka yi musu tayin nan, bai yi wani tasiri ba. Waɗansu aka rage musu rabin kuɗin takin a wannan lokaci, amma ƙarin da aka samu bai wuce na masu saye da kaka ba. Watau zuwa a kan lokaci ya yi daidai da yafe rabin kuɗi. An buga wannan sakamako a 2011.

Ba a gona kaɗai Kremer ya ga wannan hali ba. A 1998 shi da Edward Miguel suka fara bin makarantun firamare 75 a Busia inda ake ba yara maganin tsutsar ciki kyauta, fashin makaranta ya ragu da kashi ɗaya cikin huɗu. A 2001 aka sa 'yan kuɗi kaɗan a kan maganin a waɗansu makarantu, sai masu sha suka faɗo daga 75 cikin 100 zuwa 19. Ɗan ƙaramin dutse a bakin ƙofa yakan hana talaka shiga ɗakin alheri. Aikin hukuma shi ne ta gane dutsen ta kawar.

Yanzu mu dawo gida, don ciwon nan namu ne, har ma namu ya fi tsanani. Mutanen Busia sau biyu suke shuka a shekara, mu kuwa, in ba mai fadama ba, damina ɗaya ce. Tsakanin girbi da zuba taki wata shida ne ko fiye, kuma cikinsu ne ake bukukuwan aure, ake gyaran ɗaki, ake tafiya cin rani. Wane kuɗi ne zai kwana a aljihu har haka? Sa'an nan sau nawa muka zauna jiran taki mai rangwame, ya iso bayan dawa ta yi ciki, ko ya ɓace a hanya mu tarar da shi a kasuwa?

Wani zai ce, in na ba ɗan kasuwa kuɗina a Nuwamba, wa ya lamunce mini zai kawo taki a Yuni? Gaskiya ne, kuma nan ne gizo ke saƙar. A Kenya abin ya yi aiki don manoma sun amince da ƙungiyar, kuma ta cika alkawari. In babu amana, takarda takarda ce kawai. Akwai wani abu kuma da malaman ba su ɓoye ba: da aka daina zuwa gida gida, manoma suka koma gidan jiya. Don haka ba aikin shekara ɗaya ba ne. Kuma wanda hatsinsa bai kai shi bazara ba, wannan dabara ba ta ishe shi ba, shi taimako yake bukata.

Duk da haka ga shawarata. Ku masu hukuma, ku buɗe rumfar taki a kasuwannin hatsi da kaka, kusa da inda ake awo, don mutum ya sayar da buhu ya sayi buhu kafin ya juya. Ku malaman ofis, rasiɗin da kuka rubuta wa manomi ya zama magana ɗaya, ran da aka ce, ran nan. Ku fatake, wanda ya kawo taki da kaka, ya ƙulla shi ƙanana daidai ƙarfin talaka, ya sami abokin ciniki na har abada. Ku kuwa manoma, kada ku jira kowa. Ran da kuka sayar da gyaɗa ko wake, ku ware na taki tun kuɗin bai ga gida ba. In babu takarda abin amincewa, ku sayi buhun, ku ɗora a kan katako a ɗaki marar laima, kada ku buɗe bakinsa. Ko kuwa ku haɗa kai ku goma, ku damƙa wa amintaccen mutum a gaban mai unguwa da shaidu.

Magabata sun ce tun ran gini, tun ran zane. Allah ya ba mu damina mai albarka, amin.