Sayen garken zomaye dungurungum: a tambayi tarihinsa kafin a ƙirga kawuna

A zaurukan WhatsApp da shafukan Facebook na matasan Maradi, Damagaram, Tawa da Yamai, ba a rasa irin wannan talla: mai kiwo zai bar sana'a, yana sayar da zomayensa gaba ɗaya, mata da maza da ƙanana, haɗe da keji da kwanukan ci. Sau da yawa wanda tallar ke ja ɗan ci-rani ne da ke Aljeriya, Libiya, Abijan ko Faransa, mai neman abin da zai kafa wa ƙanensa a gida. Ya ga bidiyo, ya ƙirga kawuna, ya aiko da kuɗi, ciniki ya faɗa. Wannan cinikin biri a sama ne. Darajar garken zomaye tana cikin tarihinsa: shekarun matan, cututtukan da suka ratsa gidan, da dangantakar jini tsakanin dabbobin. Bidiyo ba ya nuna ko ɗaya daga cikinsu.

Dabarar karɓar garke tana da amfaninta. Wanda ya fara da ƙananan zomaye zai jira wata biyar zuwa shida kafin su isa barbara, sannan ya ƙara kusan kwana 31 na ciki. Wanda ya karɓi garke mai haihuwa ya tsallake wannan jiran, ya samu dabbobin da suka saba da zafin garin, wani lokaci har da masu sayen nama da tsohon mai kiwo ya riga ya samu. Kuma yawancin masu sayarwa ba macuta ba ne: wani karatu ya kira shi, wani an sauya masa wurin aiki, wani tsadar harawa da dussa ce ta kore shi. Matsalar ita ce mai gaskiya da wanda ke gudun annoba kalma ɗaya suke faɗi: "ba ni da lokaci." Mai saye ne ya kamata ya bambance su.

Abu na farko shi ne lafiya. Akwai cutar zomaye mai sa zubar jini a cikin jiki, wadda aka fara ganowa a China a 1984. Sabon nau'inta, RHDV2, ya bayyana a Faransa a 2010, kuma a 2020 ya kashe zomaye masu yawa a kudu maso yammacin Najeriya. Ba ta da magani, sai allurar rigakafi. Zomo na iya kwana lafiya a wayi gari ya mutu, wani lokaci da jini a hanci. Ƙwayar cutar tana daɗewa da rai, har watanni, a jikin keji, buhu, takalmi da kwanon ruwa. Duk wanda ya san yadda dabbobi da kaya ke zirga-zirga tsakanin Katsina da Maradi, ko Kano da Damagaram, ba zai ɗauki wannan a matsayin labarin nesa ba. Garken da ya ragu daga hamsin zuwa ashirin cikin mako biyu, aka fito da ragowar kasuwa, annoba ce ake sayarwa a farashin sari.

Akwai kuma cututtukan da ido ke gani idan mutum ya tsaya ya duba. Zomo mai murar da ba ta warkewa yana atishawa, gashin ƙafafunsa na gaba ya dunƙule saboda goge hanci. Ƙazuwa tana barin ɓawo a cikin kunne, a hanci da tsakanin yatsu. Zawo yana ɓata ƙarƙashin wutsiya, kuma shi ne ke yawan kashe ƙananan da aka yaye. Shi ya sa ziyara ɗaya ba ta isa ba. A je sau biyu, ɗaya ba tare da sanarwa ba, a tafi da likitan dabbobi ko ma'aikacin kiwo na yankin. Idan an samu mace-macen da ba a gane ba, dakin binciken LABOCEL na Yamai saboda irin wannan aka kafa shi.

Abu na biyu shi ne shekaru da jini. Zomanya ba ta da haƙoran da ake ƙirga shekaru da su kamar tunkiya. Mai shekara uku da mai wata goma suna iya kama da juna a keji, alhali ta farko ta kusa gama amfaninta, ta biyu yanzu ta fara. Littafin mai kiwo ne kawai ke raba gardama: ranar barbara, ranar haihuwa, ƴaƴa nawa aka haifa, nawa suka kai yaye. Macen da ke haihuwar bakwai ta yaye shida ta fi wadda ke haihuwar goma ta yaye biyu. Garken da ba shi da littafi, a saye shi a farashin nama, domin abin da aka tabbatar ke nan. Haka batun jini: garkuna da yawa na cikin gari sun samo asali ne daga namiji ɗaya da mata biyu, uba yana hawan ƴarsa, wa yana hawan ƙanwarsa. Sakamakon shi ne ƴaƴa kaɗan, raunana, masu saurin mutuwa. Wanda ya karɓi irin wannan garke ya ware kuɗin sabon namiji daga wani gida tun ranar farko.

Abu na uku shi ne lokaci. Zomo ba ya gumi, da kunne da numfashi yake fitar da zafi. Da zarar zafi ya haura digiri 30 sai cinsa ya ragu, ƙarfin namiji na ba da ciki ya faɗi, kuma yakan ɗauki makonni kafin ya dawo. A Afrilu da Mayu kuwa zafin Tawa da Yamai yana wuce digiri 40, daidai lokacin da harawa ke ƙaranci tana tsada. Ba mamaki a ga tallar garke mai araha a wannan tsakanin, amma shi ne lokaci mafi muni na ɗaukar zomaye a adaidaita a kai su sabon gida. Idan dole ne a kwashe su, a yi da asuba. Macen da ta kusa haihuwa da mai jarirai a gida a bar su inda suke sai an yaye. A karɓi abincin da suka saba da shi na aƙalla mako biyu, a sauya a hankali, domin cikin zomo ba ya jure canjin abinci farat ɗaya.

Duk wannan yana komawa kan yadda ake ƙulla cinikin. Bai dace a biya kuɗi duka rana ɗaya ba. A rubuta yarjejeniya gaban shaidu: rabi a hannu, rabi bayan kwana 30 na killacewa, a kuma fayyace wanda zai ɗauki asara idan cutar da ta taho da garken ta yi kisa. Wanda ke da zomaye tun da, ya ware sababbin nesa da nasa, da kwanukansu daban, ya riƙa ciyar da su a ƙarshe. Kejin ƙarfe a wanke shi da ruwan jabel a shanya a rana. Na katako da ya sha fitsari gara a ƙone shi. Mai sayarwa na gaskiya ba zai ƙi waɗannan sharuɗɗa ba, domin su ne za su ba shi hujjar neman farashi mai kyau. Wanda ya ce "yau ko a fasa" ya riga ya amsa tambayar.

Ga ɗan ci-rani kuma akwai tambayar da ta riga duk waɗannan: wa zai kula da su? Zomo yana son ruwa mai tsabta, ci da shara kullum, har ranar salla. Ƙanen da bai taɓa raino zomanya ɗaya daga barbara zuwa yaye ba, nauyin mata ashirin ya fi ƙarfinsa. Gara ya yi wata ɗaya yana aiki a gidan mai sayarwar kafin a kwashe ko keji ɗaya, a sa wannan cikin yarjejeniya. A nan zai ga wace mace ce ke ƙin ƴaƴanta, wane namiji ne ya gaji, nawa ake kashewa kan dussa a mako, da ko masu sayen naman da aka ambata suna zuwa da gaske.