Raddi Ga Masu Ɗaukar "Hannun Mamaci" a Matsayin Tarihi

Akwai masu cewa tarihi ya tabbatar da katunan da Wild Bill Hickok, shahararren gwanin bindiga na Amurka, yake riƙe da su sa'ad da aka harbe shi: as biyu baƙaƙe da takwas biyu baƙaƙe, waɗanda 'yan kartar poka a Amurka ke kira "Hannun Mamaci". Kisan kansa babu jayayya a kai. Ranar 2 ga Agusta, 1876, Jack McCall ya harbe shi ta baya a wata mashaya a garin Deadwood, yankin Dakota, aka kuma rataye McCall a Yankton ranar 1 ga Maris, 1877. Abin da muke musantawa shi ne katunan.

Hujjarsu ta farko ita ce littafin Frank Wilstach kan rayuwar Hickok. Sai dai littafin ya fito ne a 1926, shekara 50 bayan kisan, kuma marubucin jiyau ne, ya dogara da tunanin wani tsohon wanzamin garin. Joseph Rosa, wanda ya yi fice wajen binciken rayuwar Hickok, bai sami wani rubutu na lokacin kisan da ya fayyace katunan ba. Ruwayar da ta yi shiru rabin ƙarni sannan ta ɓulla, ai ba a gina hukunci a kanta.

Hujja ta biyu wai sunan kansa shaida ne, tunda ba za a ce "mamaci" ba sai da mamacin. Wannan ma bai tsaya ba, domin an yi amfani da sunan ga wasu katunan tun kafin littafin Wilstach. A 1886 an rubuta shi ga jak uku da goma biyu, a 1903 ga jak da bakwai, a 1907 kuma ga jak da takwas. Ke nan camfi ne da ya daɗe yana yawo tsakanin 'yan caca, daga baya aka rataya wa Hickok saboda sunansa ya fi na kowa amo.

Ta uku ita ce shahara: John Ford ya sa katunan a fim ɗinsa Stagecoach na 1939, sashen binciken kisan kai na 'yan sandan Las Vegas kuma ya mai da su tambarinsa. To, yawan maimaita magana ba ya zama isnadinta. Da akwai ganau ɗaya tabbatacce, da ba a saɓa kan kati na biyar da ke hannun Hickok ba, alhali wasu na cewa jak ne, wasu tara, wasu biyar.

Saboda haka "Hannun Mamaci" almara ce mai daraja a al'adun Amurka, kuma a nan ya kamata a ajiye ta. Wanda ya kira ta tarihi, sai ya kawo shaidar 1876.