GYARA KAYANKA: Tsohon gini, daga ina ake fara gyaransa?

Da an gama girbi, aikin magina ya tashi. A Birnin Ƙonni, da Malbaza, da Galmi, da Badagishiri, har Illela, ana ta gyaran shaguna, da mangazu, da tsofaffin biro-biro. Yayin da ake yi yanzu shi ne ƙofar gilashi, da karo a daɓe, da sabon fenti, da farantan hasken rana bisa rufi. Wannan ci gaba ne. Amma akwai abin dubawa: mutane da yawa suna fara gyara daga fuskar gini, alhali ciwon gini yana ga kansa da ƙafarsa.

Akwai dalilan wannan yayi. Na farko, siminti ya samu kusa. Izin ɗin siminti na Malbaza ya fara aiki a 1966, ƙarfinsa kamar tan 40.000 a shekara. Da injunansa suka tsufa, ba a bar wurin ba, domin dutsen da ake ƙonawa yana nan cikin ƙasar Malbaza, ga kuma babbar hanya. Nan aka kafa sabon izin, aka buɗe shi a 2019, mai iya fid da tan 650.000 a shekara. Kuma a watan Oktoba na 2024, bayan ambaliyar da ta rushe gidaje masu yawa a ƙasa, gwamnati ta rage kuɗin siminti.

Na biyu, sha'anin wuta. A 2018 aka buɗe tashar hasken rana ta Malbaza mai megawat 7, jama'a suka ga rana tana ba da lantarki. A watan Agusta na 2023 kuma aka yanke wutar da ke zuwa daga Najeriya. Masu firij, da teloli, da masu walda sun ji a jikinsu. Tun daga nan mai gyaran shago ba ya mance farantan rana.

To, daga ina ya kamata a fara?

A fara da rufi. Kafin a saye fenti ko gwangwani guda, a hau sama a duba kwano, da ƙusoshi, da itatuwan da ke ɗauke da shi. Itacen da gara ta ci ba shi iya ɗaukar farantan rana. Iskar farkon damina ta Adar kuwa ba ta da wasa: in ba a ɗaure rufi da kyau ba, sai ta kwashe kwano da faranti gaba ɗaya. A gyara indararo yadda zai zubar da ruwa nesa da bango.

Sai gindin bango. Ruwan da ke kwanciya jikin gini shi ke cin sa daga ƙasa. A yi cikon ƙasa mai gangare kewaye da ginin, a buɗe magudana. Akwai kuskuren da ya yawaita, wato yaɓa siminti bisa bangon laka haka kawai. Siminti da laka ba su kama juna. Bayan damina biyu ko uku yaɓen ya tsage, ruwa ya shiga bayansa, laka ta jiƙe ba mai gani, ran nan sai bango ya zube. Magini na ƙwarai yakan kafa ragar waya ko ya dasa duwatsu a bangon kafin ya yaɓa. In babu halin haka, gara yaɓen laka da ake sabuntawa kowace shekara.

Na uku, wayoyin wuta. Tsohuwar waya an ja ta ne don ƙwan fitila da fanka ɗaya. Yau an ɗora mata firij da na'urar sanyi. Waya ta yi zafi, gobara ta tashi da dare, dukiyar shekara ashirin ta zama toka, har ta maƙwabta. A kira wanda ya koyi aikin ya sake su duka.

Na huɗu, iska. Gilashi yana da kyaun gani, amma in ya fuskanci yamma sai shago ya koma tanda. A yi masa rumfa. Mangazar ajiya kuwa, iska ce ranta. Manoman Galmi sun san abin da ya sa albasa ke daɗewa cikin rudu: tana bisa, iska na ratsa ta. Wanda ya mai da tsohuwar mangaza wurin ajiyar albasa ko hatsi, ya buɗe tagogi sama da ƙasa, ya sa musu raga, ya ɗora buhuna kan katako.

Saura maganar takarda. In za a ƙara ɗaki ko a ɗora bene, a nemi izini a ma'aikatar magajin gari. Ɗan haya kuma kada ya zuba kuɗinsa cikin ginin wani sai sun rubuta yarjejeniya gaban shaidu: nawa za a kashe, wata nawa za a cire daga haya. Rashin wannan ya raba abokai da yawa.

A ƙauyuka da dama akwai mangazun ƙungiyoyin manoma a kulle, rufi na yoyo, gini kuwa da sauran ƙarfinsa. Gyaran rufin bai kai rabin wahalar sabon gini ba. Shugabannin ƙungiyoyi su kira taro tun yanzu, a kawo magini ya duba, a yanke abin da kowa zai ba da. Ba a fafe gora ranar tafiya. Aikin da ba a gama ba kafin watan Mayu, hadari ne zai yanke masa hukunci.