Makullin motar Baba: kada a ƙwace, kada a yi shiru

Idan likita ya ce dattijo ya kamu da cutar mantuwa, iyali sukan rabu biyu: masu cewa a ƙwace makulli yau-yau, da masu jin nauyi su yi gum har sai an yi hatsari. Mu dai muna ganin duka biyun kuskure ne.

Cutar nan, wadda Alzheimer ce mafi yawan sanadinta, sannu a hankali take cin ƙwaƙwalwa, kuma ba ta ja da baya. Da farko wani yana iya tuƙi cikin unguwa da rana, da ɗansa a gefe, in likita ya yarda. Amma doguwar tafiya irin ta Maraɗi zuwa Damagaram, ko tuƙi bayan magariba, lokacin da ruɗewa ke ƙaruwa, a haƙura.

Ranar da Baba ya ɓata a hanyar da ya sani shekara talatin, ko ya taka totur a wurin birki, to lokaci ya yi. Permi ba ya kare yaron da ke tsallaka titi.

Sai dai jama'a, tsoron dattijo shi ne a killace shi a gida. A zauna da shi tun hankalinsa na tare da shi, a yi shawara cikin ladabi. A raba aiki: wane zai kai shi Juma'a, wane kasuwa, wane gaisuwar mutuwa, ko a ɗaukar masa amintaccen mai adaidaita. Wanda ya karɓi makullin Baba, to kai shi da ɗauko shi ya hau kansa.