Kira ga Hukumomin Jihar Tawa: A Sauke wa Malami Nauyin Forfe

Zuwa ga Mai Girma Gwamnan Jihar Tawa, da Mai Girma Daraktan Ilimi na Jiha, da masu girma Prefe-prefen Birnin Konni, Malbaza da Illela.

Muna roƙon ku ba mu aron kunne kan yadda malamai ke ba ɗalibai aikin gida ta intanet a waɗannan gundumomi uku.

Da aka rufe makarantu a watan Maris na 2020 saboda korona, malaman CEG da lise da dama suka koma WhatsApp. An buɗe makarantu a farkon Yuni, amma ɗabi'ar ta zauna. Malami ya ɗauki hoton tambayoyi ya jefa cikin rukuni, amsoshin yara su iso a cakuɗe da barka da Juma'a da katin ɗaurin aure, shi kuma ya kwana yana laluben wane ya yi, wane bai yi ba. Ranku ya daɗe, akwai hanyar da ta fi wannan. A dandalin koyarwa, malami zai rubuta takardar aiki guda, ya sa ranar da za a rufe karɓa. Kowane ɗalibi ya samu kwafinsa da sunansa, ya amsa a ciki, malami ya buɗe ya gyara ya sa maki, kuma babu mai leƙa takardar wani. Moodle, wanda jami'o'i da yawa a duniya ke aiki da shi, kyauta ne. Muna roƙon Daraktan Ilimi ya tsayar da dandali guda ga jiha, kada kowace makaranta ta kama gabanta.

Sai dai dandalin da ba ya motsi sai da rezo, na ƴan birni ne. Abin da waya ke kamawa a bakin titi a Konni ko Galmi ba shi take kamawa a ƙauyukan Bazaga, Tajaye ko Badagishiri ba. Inda rezon yake kuma, daga aljihun wa kuɗin forfe ke fita? Daga na malami, wanda sau da yawa ɗan kwantiragi ne, abin da yake karɓa ba ya kai shi ƙarshen wata. Ba daidai ba ne a ce aikin gwamnati ne amma jikarsa ce ke tafiya. Magani iri biyu ne, kuma duka suna hannunku. Na farko, a ajiye ƙaramar na'ura a ofishin darakta, wadda ke ɗauke da darussa da takardun aiki, tana watsa wifi a harabar makaranta ba tare da intanet ba. Kolibri da MoodleBox don haka aka yi su, kuma na'urar ba ta fi tafin hannu ba. Na biyu, Mai Girma Gwamna ya kai maganar gaban hukumar kula da sadarwa ta ARCEP, a zauna da Airtel, Moov, Zamani da Niger Telecom, a ce shiga dandalin makaranta ba zai ci forfe ba.

Ga batun wuta. A Malbaza aka buɗe tashar hasken rana mai megawat 7 a 2018, irinta ta farko a Nijar, amma har yau akwai makarantu a wannan yanki da babu inda za a soka caja. Mun kuma ga abin da ya faru a watan Agusta na 2023 da Najeriya ta yanke wutar da take turo mana. Farantin sola da batir a kowace makarantar da za a sa na'ura sun wadatar. Mai Girma Prefen Malbaza na iya tuntuɓar kamfanin siminti da ke gundumarsa. Ƴaƴan ma'aikatansa ma a waɗannan azuzuwa suke.

Abin da ya fi damun iyaye shi ne waya. Gida da yawa waya guda ce, ta maigida, kuma tana tare da shi a fadamar albasa ko a kasuwar iyaka har dare. Yarinya ita ce ta ƙarshe da za a miƙa wa. In kuma ta samu, lambarta na yawo cikin rukunin da kowa ke gani, kuma wannan kaɗai ya isa wani uban ya ce ta haƙura da karatun. Muna roƙon a ba kowane ɗalibi lambar shiga daga makaranta, ba lambar wayarsa ba, a kuma tanadi ƴan allunan hannu a ɗaki guda mai makulli inda marasa waya za su yi aikinsu bayan an tashi. Kwamitin iyaye ya riƙe makullin. Kafin a kai ga haka, a ja kunnen duk wanda zai rage wa yaro maki don bai turo aiki ta waya ba.

Horo kuma kada ya zama na kwana biyu a otal, a raba kuɗin zama a watse. Malamai na da tarukan da suka saba haɗuwa. A can ya kamata kowa ya buɗe aiki da hannunsa, ya karɓa, ya gyara. Jami'ar Djibo Hamani ta Tawa na da matasan da za su iya kula da na'urorin. Tunda kuma kundin mulkin ƙasa na 2025 ya ɗaga Hausa zuwa harshen ƙasa, ya dace umarnin da ke kan dandalin ya fito da Hausa kusa da Faransanci, don uba ko uwa su san abin da aka ce ɗansu ya yi.

Ranku ya daɗe, muna roƙon a zaɓi CEG guda a kowace gunduma, ta ƙauye ba ta cikin gari ba, a fara da ajin masu zana BEPC, a kuma sanar da sunayen makarantun da ranar farawa ta gidajen rediyo kafin a koma hutu.