Ladan Ɗan Ƙodago Ba Ya Kwana

Kaka ta yi, an shiga girbin dawa, a majami'u da yawa kuma ana shirin sujadar godiya, inda kowane magidanci zai kawo daminsa gaban bagade. Abin farin ciki ne ƙwarai. Sai dai akwai tambayar da ba a cika yi ba a ranar: shin wanda ya yanke dawar nan, ya ɗaure, ya ɗauko a ka, an sallame shi?

Littafi Mai Tsarki bai ɗauki wannan magana da wasa ba. A Maimaitawar Shari'a, sura 24, Musa ya umarci Isra'ilawa su biya matalaucin ɗan ƙodago a ranar da ya yi aikin, tun rana ba ta faɗi ba, ko ɗan ƙasa ne ko baƙo. Dalilin da aka kawo shi ne talaucinsa. Ba shi da rumbu, abin da ya samo yau shi ne tuwon daren yau. Mai gona yana iya jiran ranar kasuwa, amma cikin yaran lebura bai san da ranar kasuwa ba.

Ko sarauta ba ta kuɓutar da kowa ba. Annabi Irmiya, a sura 22, ya tsauta wa Yehoyakim Sarkin Yahuza, wanda ya gina fada da katakon al'ul alhali magina suna aikin banza. Yakubu kuwa, a sura 5 ta wasiƙarsa, ya nuna cewa ladan da aka danne wa masu girbi shi kansa yana kai ƙara, Ubangiji kuma yana ji.

A zamanin nan da wuya a sami mai bi da zai fito fili ya ce ba zai biya ba. Abin da ake yi ya fi haka laushi, watau "dawo jibi", ko "maigida ba ya nan". Magini ya yi sawu uku, kuɗin mota ya cinye rabin ladan. Tela ya gaji ya haƙura. Yarinyar aiki a ce ana ajiye mata kuɗinta har ranar tafiya gida, ranar ta zo lissafi ya rikice. Sau da yawa kuɗin suna nan cikin aljihu, ganin dama ne kawai babu. Abin kunya, wani mai yin haka a kujerar gaba yake zama ran Lahadi, baikonsa kuma ba ya yankewa.

A Matiyu, sura 5, Yesu Almasihu ya koyar cewa mai kawo baiko, idan ya tuna ɗan'uwansa yana da ƙara a kansa, ya ajiye baikon tukuna ya je su shirya. Lebura mai bin bashin guminsa yana cikin 'yan'uwan nan.

Lalle akwai manomin da da gaske ba shi da ko kwabo sai ya sayar da amfani. Wannan ba laifi ba ne, muddin ya faɗa wa ɗan ƙodago tun bai ɗauki magirbi ba, su yanka rana, in ya yarda a ba shi mudu biyu na hatsi ya kai gida kafin ranar.