Haƙƙin Tsofaffin Matan Alakos a Kanmu

Idan wani babban malami ko basarake ya riga mu gidan gaskiya a ƙasar Damagaram, ba a rasa mai tashi ya jero nasabarsa da shehunansa da garuruwan da ya taka wajen neman ilmi, har ma a sami mai ɗaukar alƙalami ya rubuta. Amma idan tsohuwa ta cika a wani ƙauye na Alakos, can cikin gundumar Gure, inda gonakin hatsi ke iyaka da makiyaya, abin da za a ji wurin zaman makoki bai wuce a ce Allah ya jiƙanta, mace ce mai haƙuri ba. A yi sadakar uku da ta bakwai da ta arba'in, a raba 'yan kwanoninta da tabarmar sallarta, kowa ya kama gabansa. Addu'a ita ce mafificin guzurin mamaci, babu jayayya a nan. Sai dai a ganina akwai sauran haƙƙi da muke tauyewa, watau adana labarin abin da waɗannan bayin Allah suka aikata.

Mai karatu ya dubi irin matar da nake nufi, domin na tabbata ya san ta, ko da a garinsu wani suna ake kiranta da shi. Ita ce ungozomar da ake buga wa ƙofa tsakar dare, ta fito ba tare da ta tambayi lada ba, ta yanke cibiyar yara har ta zo ta yanke ta 'ya'yansu. Ita ce mai wankan gawar mata, aikin da malaman fiƙihu suka ce farilla ce ta kifaya, wadda in aka rasa mai tsayuwa da ita laifin ya hau kan al'umma duka. Ashe kenan shekara da shekaru tana sauke wa gari nauyin da ke wuyansa, alhali garin bai ko lura ba. In aure ya yi tsami, ɗakinta amarya ke fakewa, kuma da bakinta ake biko. Almajirin da iyayensa ke nesa ya san akushinta, marayan dangi kuwa a bayanta ya girma. Wataƙila karatunta bai wuce 'yan surorin salla ba, amma ba a taɓa ganin alfijir ya riske ta a kwance ba, kuma azumin Sitta Shawwal da na Tasu'a da Ashura ba su wuce ta sai da larura.

Inda ƙimarta ta fi bayyana shi ne shekarun tsanani. Waɗanda suka yi wayo kafin farin 1973 da 1974, da na 1984, da ƙarancin abincin 2005, sun san cewa yayin da rumbu ya ƙare, dabbobi suka faɗi, magidanta suka nufi Kano ko Libiya cin rani, waɗanda suka rage a gida da yara da marasa lafiya mata ne, jagorarsu kuwa tsohuwa. Ita ta san yadda ake jiƙa anza kwana da kwanaki ana sauya ruwa har ɗacinta ya fita ta ciwu, ita ta san sussukar ƙarangiya a fitar da ƙwayarta, da ganyen tafasa da jiga da yaɗiya, da wanda ake ci da wanda ke cutarwa. Ita ce kuma ke ɓoye irin shuka ta hana a taɓa shi, ko da yara na kuka, saboda ta san damina na tafe. Wannan ilmi ne da ya ceci rayuka, ba a rubuce yake ba, kuma duk tsohuwar da aka kai makwancinta da wani sashe nasa take tafiya.

Kada wani ya ce ambaton mata a rubuce baƙon abu ne ga addininmu ko al'adarmu. Nana Asma'u, 'yar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wadda ta rasu a 1864, ita ce ta kafa tsarin 'Yan Taru, ta naɗa wa dattijan mata malfa ta kira kowaccensu jaji, suna kai karatu ƙauyuka. Kuma cikin marsiyoyinta, bayan na manyan Sakkwato, akwai wadda ta yi wa maƙwabciyarta da wadda ta yi wa wata jaji, tana yaba zumuncinsu da hidimarsu ga jama'a. Albarkacin alƙalaminta ne sunayensu suka iso gare mu bayan shekara fiye da 150. A nan Damagaram kuwa, tarihin sarakai irin su Tanimun ya sami marubuta, cikinsu har da André Salifou, wanda littafinsa kan sarautar ya fito a 1971. Tarihin waɗanda suka riƙe gidaje ne har yanzu bai sami mai shi ba. Alkunyarmu ma, wadda ke sa a kira mace uwar wane a bar sunanta na yanka, kyakkyawar ɗabi'a ce, amma takan sa jika ya tashi bai san sunan kakarsa ba.

Saboda haka ina kira ga malaman makarantun Alakos, na boko da na allo, da ɗaliban Jami'ar André Salifou 'yan asalin yankin, da ma'aikatan gidajen rediyon karkara, su zauna gaban tsofaffin da suka rage, da ladabi da izinin iyalansu, su ɗauki maganarsu, da Hausa ko Barbarci ko Fulatanci, duk harshen da tsohuwa ta fi sakewa da shi, su rubuta da boko ko da ajami. Kai kuma mai karatu, in Allah ya sa kakarka na raye, wayar da ke aljihunka ta isa wannan aiki. Ka je ka gaishe ta, ka tambaye ta sunanta da na mahaifiyarta da yadda suka ƙetare shekarun fari, tun Allah bai karɓi abinsa ba.